Gurbi Ɗaya, Yara Biyu: Wa Za A Riƙe, Wa Za A Sallama?

  Gaisuwa ga iyayenmu ardo-ardo da makiyayan da ke rugage tun daga Pitowa, Adumri, Ngong da Lagdo har zuwa Gidar, da waɗanda ke kama mu a tsallaken iyaka, a Belel, Maiha, Mubi da Yola. Gaisuwa ga alhazanmu na kasuwa, da direbobin da ke kwana a bakin iyaka suna jiran a buga musu hatimi, da masu kwale-kwale a kan Binuwai. Allah ya ba da kasuwa, Allah ya raya dukiya.

Yau za mu ɗan ajiye ƙwallon ƙafa, mu ɗauki ƙwallon kwando. Na san wani baffana yana can gindin bishiya da rediyo a kunne, zai ce, yaro, me ya haɗa mai sanda da ƙwallon kwando? Baffa, a ba ni aron kunne na ɗan lokaci. Tambayar da za mu tattauna yau, kai ka fi ni saninta, domin duk shekara sai ka amsa ta. Kaka ta wuce, ciyawa ta fara bushewa, kuɗin dusa da ƙulin auduga na dabba ɗaya ne kawai a hannunka, ga kuma biyu a gabanka. Ɗaya sa ne da ya riga ya ƙosa, ko gobe aka ɗaura masa garma zai ja. Ɗayan maraƙi ne mai dogon ƙashi, kowa ya gan shi ya san in ya girma zai fi wancan, amma sai an yi shekara biyu ana ciyar da shi. Wanne za ka riƙe, wanne za ka kora kasuwa? Wannan ita ce tambayar da wata babbar ƙungiya a ƙasar Kanada ta amsa a watan Oktoba na 2025, kuma ɗaya daga cikin yaran biyu ɗan Kamaru ne.

Yadda lissafin yake

Bari mu fara da lissafi, tunda da 'yan kasuwa nake magana. Gasar ƙwallon kwando mafi girma a duniya ita ce NBA. Ƙungiyoyi 30 ne a cikinta, 29 a Amurka, ɗaya a birnin Toronto na Kanada. Mutum biyar ne kawai ke shiga fili daga kowane ɓangare, amma doka ta yarda kowace ƙungiya ta riƙe 'yan wasa 15 a kan cikakken kwantiragi. Idan ka buga 15 sau 30, mutum 450 ke nan a duk faɗin duniya. Ko shanun da ake tarawa a kara ranar babbar kasuwa sun fi haka yawa.

Bayan waɗannan 15 ɗin, akwai wasu gurabe uku na musamman a kowace ƙungiya. Ni ina kiransu kwantiragin ƙafa biyu, domin yaron da ya samu irinsa ƙafarsa ɗaya tana babbar ƙungiya, ɗayar tana ƙaramar ƙungiyarsu da ke buga gasar G League, inda ake rainon matasa. An fara wannan tsari a 2017 da gurbi biyu, aka mai da shi uku a 2023. Mai irin wannan kwantiragi ba zai wuce wasa 50 tare da manya ba a cikin wasanni 82 na shekara, ba ya buga wasannin ƙarshe na neman kofi, kuma albashinsa rabin mafi ƙarancin albashin sabon shiga ne. Kada ku ji an ce rabi ku raina. A kakar 2024 zuwa 2025 ya kai kusan dala dubu 580, wato ya haura sefa miliyan 300 kafin a cire haraji.

Kafin a fara gasa a watan Oktoba, kowace ƙungiya tana iya tara mutum har 21 a sansanin gwaji. Ranar da aka sa za a rufe rajista, dole a rage su. To a nan ne ake yin ta. Manyan taurari ba su da fargaba, kujerunsu a kafe suke. Waɗanda ke can ƙarshen layi su ne ba sa barci, domin gurbi ɗaya ne ya rage, su kuwa sun kai uku ko huɗu.

Yaron Bafang

Ulrich Chomche ɗan garin Bafang ne a yammacin Kamaru. An haife shi ranar 30 ga Disamba, 2005. Tsawonsa ya kai mita biyu da santimita goma sha ɗaya, wato in zai shiga zauren gidajenmu sai ya sunkuya sosai. Tun yana ƙarami aka ɗauke shi zuwa makarantar horar da matasa ta NBA da ke Saly a ƙasar Senegal, inda ake haɗa karatun boko da ƙwallo.

A 2021 aka fara gasar ƙungiyoyin Afirka da ake kira BAL, a birnin Kigali. Da aka zo shekara ta biyu, 2022, sai masu gasar suka kawo wata dabara. A lokacin, kowace ƙungiya tana da gurbi 13. Aƙalla takwas dole su zama 'yan ƙasa, baƙi kada su wuce huɗu, na goma sha ukun kuwa an keɓe shi ga yaro ɗaya daga makarantar Saly. Ku lura da hikimar. Sun san in aka bar koci da zaɓinsa, babba zai ɗauka ya bar yaro, shi ya sa suka kafa doka cewa gurbin ƙarshe na maraƙi ne, ko ana so ko ba a so. Ta wannan ƙofa Chomche ya shiga ƙungiyar FAP ta Yawunde, ta sojoji da 'yan sanda, yana ɗan shekara 16. A wannan shekarar FAP ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ta ƙare a matsayi na huɗu a Afirka. A 2023 kuma ya buga wa REG ta Ruwanda.

Sai ga zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA a watan Yuni na 2024. A wannan zaɓe ƙungiyoyi suna ɗauka ne bi da bi, kamar yadda ake rabon gado. Mutum 58 aka ɗauka a wannan shekara, Chomche shi ne na 57. Saura mutum ɗaya a rufe ƙofa. Ƙungiyar Memphis ce ta kira sunansa, ta miƙa shi ga Toronto Raptors a wani ciniki da suka ƙulla. Shi ne na farko da aka taɓa ɗauka kai tsaye daga makarantar Saly ba tare da ya bi ta wata jami'ar Amurka ba. Ga wani abin mamaki. Doka ta ce sai wanda zai cika shekara 19 a cikin shekarar zaɓen. Shi kuwa ranar 30 ga Disamba zai cika. Da an haife shi bayan kwana biyu kacal, da sai ya jira wata shekarar. Ku riƙe wannan, za mu dawo kan maganar takardar haihuwa.

Toronto ta ba shi kwantiragin ƙafa biyu. Amma Hausawa sun ce ganin Dala ba shiga birni ba ne. A shekararsa ta farko wasannin da ya buga da manya ba su kai goma ba, yawancin lokacinsa yana ƙaramar ƙungiyarsu mai suna Raptors 905. A watan Fabrairu na 2025 ya ji rauni a gwiwa, kakarsa ta ƙare a nan.

Ɗayan yaron

Wanda ke gefe guda sunansa A.J. Lawson, ɗan Kanada, haihuwar shekarar 2000, ya girmi Chomche da shekara biyar ke nan. Shi a zaɓen 2021 babu ƙungiyar da ta kira sunansa. Ya yi ta yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan, ya taɓa Minnesota, ya zauna a Dallas, aka sallame shi, ya zo Toronto a ƙarshen 2024. A watan Maris na 2025, a wasa da Washington, ya zuba maki 32 shi kaɗai. Ba tauraro ba ne, amma an riga an gwada shi, an san abin da zai iya da abin da ba zai iya ba.

Da Oktoba ta zo, Toronto ta sallami Chomche. Ta kuma soke cikakken kwantiragin Lawson, bayan 'yan kwanaki ta dawo da shi a kan kwantiragin ƙafa biyu, a gurbin da ɗan Bafang ya bari. Sa mai jan garma ya zauna, maraƙi mai dogon ƙashi ya fita kasuwa yana ɗan shekara 19.

Mu 'yan Kamaru abin ya yi mana zafi, ba sai an faɗa ba. Amma zafin rai ba ya hana a zauna a yi lissafi. Bari mu bi abubuwan da ake dubawa a irin wannan zaɓi ɗaya bayan ɗaya, ku da kanku ku auna.

Abin da ake dubawa

Na farko, wane lokaci ƙungiya take ciki. Makiyayin da ke da ciyawa da ruwa a wadace yana iya jiran maraƙi. Wanda bashi ya hau kansa, ga shuka ta matso, sa yake buƙata. Toronto ta ci kofin NBA a 2019, amma daga 2023 zuwa 2025, shekara uku a jere, ba ta shiga wasannin ƙarshe ba. A kakar 2024 zuwa 2025 wasa 30 ta ci, aka cinye ta 52. A watan Fabrairu na 2025 ta sayo babban ɗan wasa Brandon Ingram, ta ɗaura masa albashi mai nauyi. Wanda ya zuba irin wannan jari, riba yake jira yanzu. Lokacin raino ya wuce a wurinsu, idan kuwa kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Na biyu, wane aiki ne ba shi da mai yi. Ba kullum ake ɗaukar wanda ya fi iyawa ba, wanda zai toshe ɓaraka ake nema. Alhaji, idan kana da yara uku a shago duk sun iya ciniki amma babu wanda ya iya Faransanci, ranar da za ka ƙara na huɗu, wanda zai iya magana da jami'an duwan za ka ɗauka, ko da bai kai sauran wayon ciniki ba. A nan ne hujjar Chomche ta fi ƙarfi. Masu tsawon Lawson, wato wajen mita biyu ba kaɗan, suna da yawa a Amurka, in ka sallami ɗaya yau gobe za ka samu goma. Mai tsawon Chomche da ke iya gudu, ya yi tsalle ya doke ƙwallo kafin ta faɗa kwando, ba kullum ake samunsa a kasuwa ba. Masu ganin Toronto ta yi gaggawa, a kan wannan suke tsayawa, kuma maganarsu tana da tushe.

Na uku, lafiya. Duk kyan saniya, idan tana ɗingishi ranar da za a tashi mashekari, mai ita sai ya yi tunani biyu. Gurbin ƙarshe an tanade shi ne domin ranar da manya suka ji ciwo. In wanda aka ajiye don ranar ciwo shi ma bai daɗe da tashi daga jinya ba, koci zai ga kamar ya sayi taya ta ajiya ne mai faci. Wannan ba laifin yaro ba ne, ciwo ba a sayensa a kasuwa, sai dai a ma'aunin ƙungiya yana da nauyi.

A kan wannan akwai labarin da ya fi na Chomche ban tausayi. Christian Koloko ɗan Duwala ne, Toronto ta ɗauke shi a matsayi na 33 a zaɓen 2022. Ya yi shekara guda yana wasa, sai likitoci suka gano matsalar daskarewar jini a jikinsa, aka dakatar da shi. Ranar 17 ga Janairu, 2024, Toronto ta sayar da Pascal Siakam, shi ma ɗan Duwala, ga ƙungiyar Indiana. Mutum ɗaya ya fita, uku suka shigo a madadinsa. Kujeru suka kasa, dole wani ya tashi, aka sallami Koloko. Kun ji ikon Allah, tafiyar ɗan gari ɗaya ita ta tayar da ɗan'uwansa daga kujera. Amma labarin bai tsaya nan ba. Koloko ya yi jinya, a ƙarshen 2024 ƙungiyar Lakers ta birnin Los Angeles ta ba shi kwantiragin ƙafa biyu, likitocin gasar suka wanke shi, ya koma fili.

Na huɗu, kuɗi. A NBA akwai iyakar albashin da ƙungiya za ta biya gaba ɗaya. In ta wuce wani mataki, sai ta biya tara a kan kowace dala da ta hau. Saboda haka wasu ƙungiyoyi sukan bar kujera ta 15 babu kowa, su tafi da mutum 14, doka ta yarda. Albashin mai kwantiragin ƙafa biyu kuwa ba ya shiga wannan lissafi. Kun ga dalilin da zai sa a sauke mutum daga babbar kujera a mai da shi ƙarama. Direbobinmu sun san wannan. Wani lokaci ana sauke buhu daga mota don kada nauyi ya wuce a ma'auni a ci tara, alhali buhun lafiyarsa ƙalau.

Na biyar, hali. Hausawa na cewa dogo da hankali dace ne. Mutumin ƙarshe a ƙungiya yana iya yin wata guda bai taɓa ƙwallo a wasa ba, amma kullum shi ne zai riga kowa zuwa atisaye, ya yi wa taurari abokin gwaji, ya tafa musu daga benci. Ranar da aka ce tashi, minti biyar aka ba shi, dole ya kasance a shirye. Wanda zai zauna yana gunaguni, ya ɓata sauran, ko ya fi kowa baiwa ba a son sa a nan. A kan wannan duka yaran biyu babu wanda aka ji an zarga.

Akwai na shida da ba a rubutawa a takarda, wato wa ya tsaya maka. Mutumin da ya shugabanci Toronto tun 2013 shi ne Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, a can ya koyi ƙwallon kwando. A zamaninsa aka ɗauki Siakam, aka ɗauki Koloko, aka ɗauki Chomche, kuma ya daɗe yana shirya wa matasa sansanin horo a ƙasashen Afirka. A ƙarshen watan Yuni na 2025 ƙungiyar ta raba gari da shi. Ba wai tafiyarsa ce ta kori yaron Bafang ba, raunin da lissafin kuɗi suna nan ko da shi ko ba shi. Sai dai duk wanda ya taɓa shiga baƙuwar kasuwa ya san bambancin mai mai-masauki da wanda ya sauka a tasha bai san kowa ba.

Waɗanda suka jira maraƙi

Kada ku ce kullum sa ake zaɓa. Waɗanda suka fi cin riba a tarihin wannan wasa, masu haƙuri ne. Joel Embiid ɗan Yawunde bai fara ƙwallon kwando ba sai yana da shekara 15. Luc Mbah a Moute, ɗan Kamarun da ya riga su shiga NBA a 2008, shi ya gano shi a sansanin da yake shirya wa yara a gida. A 2014 Philadelphia ta ɗauki Embiid a matsayi na uku alhali ƙafarsa a karye take. Shekara biyu cur ana biyansa albashi bai buga ko wasa ɗaya ba. Sai a ƙarshen 2016 ya shiga fili. A 2023 shi aka zaɓa gwarzon gasar gaba ɗaya.

Siakam ma da aka ɗauke shi a matsayi na 27 a 2016, mutane da yawa sun ce Toronto ta yi asara, domin ya makara wajen fara wasan. An tura shi ƙaramar ƙungiya, ya ci kofi da ita a 2017. Bayan shekara biyu yana cikin manyan da suka ɗauko wa Toronto kofin NBA.

Mu dawo gida, nan Garwa. A 2010 koci Paul Le Guen yana da gurbi 23 na zuwa gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu, ga ƙwararru cike da Turai. Ya ɗauki wani yaro ɗan shekara 18 daga Coton Sport, Vincent Aboubakar, shi kaɗai ne a cikin jerin da ke wasa a gida. A wannan gasa Kamaru ba ta ci ko wasa ɗaya ba. Amma bayan shekara bakwai, yaron nan ne ya zura ƙwallon da ta ba mu kofin Afirka a kan Masar a 2017, kuma a gasar da muka karɓi baƙunci a farkon 2022, wadda filinmu na Rumde Ajiya ya ga wasu wasanninta, ƙwallo takwas ya ci, ya fi kowa.

To ina gaskiya take? A nawa ganin, Toronto ta yi abin da mai neman riba bana zai yi, kuma ba a ce ta yi wauta ba. Inda nake da ja shi ne tun farko. Wanda ya sayi maraƙi ya san maraƙi ya saya. Idan ka ɗauki yaro ɗan shekara 18 da kowa ya san sai an yi shekara uku ana raino, to tun ranar ciniki ya kamata ka tanadi ciyawar shekara uku. Philadelphia ta jira Embiid domin ta zuba zaɓi na uku a kansa, asarar za ta yi mata ciwo. Na 57 kuwa da arha aka same shi, abin da aka saya da arha kuma shi ake fara sayarwa ranar matsi. Wannan ita ce gaskiyar kasuwa, mai ɗaci ce, amma gara yaranmu su san ta kafin su hau jirgi.

Saƙo ga iyaye

Yanzu bari in juyo gare ku, iyayena, domin a rugagenmu da unguwanninmu akwai dogayen yara, kuma labarin miliyoyin nan yana yawo a wayoyi.

Abu na farko, takardar haihuwa. Makiyayi in zai sayi dabba, baki yake buɗe mata ya duba haƙori, ba ya tambayar dillali shekarunta. Su ma masu ƙwallo yanzu suna da nasu haƙorin, na'urar MRI da ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Kamaru ta taɓa gwada yara 30 da aka kira ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 17, aka cire 21 saboda ba su tsallake gwajin ba. Mu a arewa matsalarmu ma ta wuce rage shekaru, yara da yawa ba su da takardar kwata-kwata. An haife shi a daji lokacin tafiya, babu wanda ya je ofishin magajin gari. Ranar da za a nema, sai an bi ta kotu, da kuɗi da wahala. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko yaro ba zai taɓa riƙe ƙwallo ba, takardar nan da ita zai zauna jarrabawa, da ita zai yi katin ɗan ƙasa, da ita zai tsallaka iyaka ba a tsare shi ba.

Na biyu, ku yi hattara da dillalan bogi. Duk wanda ya zo ya ce a sayar da shanu biyar a ba shi kuɗi zai kai yaro Turai ko Amurka gwaji, ku tambaye shi sunan ƙungiyar, ku nemi takardar gayyata, ku kai ta ga wanda ya iya karatu, ku je ofishin wasanni na jiha a tabbatar. Makarantar Saly ita ke ɗaukar nauyin yaran da ta zaɓa, ba a sayen gurbi a can. Embiid da Siakam a sansanin horo aka gan su a gaban jama'a, ba a bayan tasha aka yi cinikinsu ba. Ku tuna lissafin da muka yi. Kujeru 450 ne, a ƙara 90 na masu ƙafa biyu, 540 ke nan ga duniya gaba ɗaya. Wanda ya kai har ciki ma, kamar yaron Bafang, ana iya tayar da shi bayan shekara guda. Garken da kakanni suka tara ba abin jefawa a wannan caca ba ne.

Na uku, karatu ko sana'a. Gwiwa ɗaya ce ke tsakanin ɗan wasa da zaman gida. Yaro ya yi ƙwallonsa da yamma, amma da safe ya kasance yana aji, ko yana shago, ko yana bayan shanu yana koyon abin da ba a ƙwace wa mutum.

Ku kuma ƙannena da ke buga ƙwallo a filayen makarantu a Garwa, Marwa da Ngaundare, ku duba labaran nan da kyau. Lawson ba a kira sunansa ranar zaɓe ba, an sallame shi fiye da sau ɗaya, ga shi shi ya zauna. Koloko an sallame shi yana jinya, ya dawo. Ranar da koci ya karanta sunaye bai kira naka ba, ka je ka gaishe shi, ka tambaye shi abin da ya rage maka, ka koma ka gyara. Ƙungiya ɗaya ce ta ce ba ta da wuri bana.

Daga ƙarshe, ga masu zaɓen kansu, ko koci ne, ko maigida a shago, ko uba da zai tura ɗa ɗaya makaranta ya bar ɗaya a garke. A kasuwancinmu na gado, in aka ce maigida ya sallami yaronsa, ana nufin ya zaunar da shi, ya sa masa albarka, ya ba shi jari ya je ya kafa nasa. Zaɓi dole ne, tunda gurbi ɗaya ba ya ɗaukar mutum biyu. Amma wanda ba a ɗauka ba yana da haƙƙin a gaya masa gaskiya baki da baki, a faɗa masa dalili, a nuna masa ƙofa ta gaba. Wanda ka sallama yau da mutunci, wata rana a wata kasuwa shi zai sauke ka.

Mu ji daga gare ku. Da kai ne mai ƙungiyar, sa za ka riƙe ko maraƙi? Ku aiko da saƙonninku ta hanyar da kuka saba, za mu karanta su a shiri na gaba, musamman na iyayenmu makiyaya, tunda ku ne malaman wannan fanni. A nan za mu dasa aya. Masu tafiya Allah ya kai ku lafiya, masu kiwo Allah ya tsare garke, ya ba mu rani mai sauƙi. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.